Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu anime da manga na Japan: kun rufe ƙofar baya, ku buɗe mana ta gaba

Zuwa ga kamfanonin Japan masu wallafa manga, wato littattafan labari na zane, da shirya anime, wato katun ɗin Japan, da kamfanonin da kuka ba lasisin rarraba kayanku a ƙasashen waje.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya ku da ma'aikatanku, musamman masu zanen nan da muke jin labarin har kwana suke a kan tebur don kashin mako ya fito a kan lokaci. A gaida mana su da kyau.

Ni mutumin Kano ne, kuma ba da bakina kaɗai nake magana ba. Muna da wani guruf a WhatsApp na masu kallon anime da karanta manga, mu Hausawa zalla, akwai ƴan Kano da Zariya da Jos, akwai ƴan Maraɗi da Damagaram, akwai wani ɗan zango a Kumasi, akwai wata ƴar Garwa a Kamaru, har da wani da ya taso a Sudan. Cikinmu akwai ɗalibai, akwai tela, akwai mai gyaran waya, akwai malamar firamare mai ƴaƴa uku. Ranar da labari ya fito a watan Maris na 2024 cewa Akira Toriyama mai zanen Dragon Ball ya rasu, wallahi guruf ɗin nan kamar gidan makoki ya koma, mutanen da ba su taɓa taka filin jirgi ba suna ta jimamin wani dattijo a can wata uwa duniya saboda zanensa ya raine su. To waɗannan mutanen su suka ce in rubuto muku.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san sai kun nemo wanda zai fassara muku, to wanda za ku nemo ɗin, shi ne mutumin da wannan wasiƙar take magana a kansa tun daga farko har ƙarshe.

Abin da ya taso da maganar, tun watan Agustan 2024 da manyan shafukan da ake kallon anime kyauta ba bisa ƙa'ida ba suka rufe kusan lokaci guda, har da Aniwave, muke ta ganin ana rufe wannan ana rufe wancan. Ba mu ce komai ba, don mun san ba mu da gaskiya. Amma sai abin ya zo kan wani abokinmu a guruf ɗin. Gyaran waya yake a kasuwa, yana tashi bayan magariba, in ya ci tuwo ya yi isha'i sai ya kishingiɗa a tabarma da wayarsa mai fasasshen gilashi, ya saka abin ji a kunne, yana tsayar da bidiyo layi-layi yana rubuta Hausar abin da aka faɗa a ƙasa. Kashi ɗaya na minti 24 sai ya ci masa dare uku, wani lokacin a ɗauke wuta caji ya ƙare yana tsaka da aiki ya rasa na awa biyu. Shekara biyu yana wannan, ko sisi bai taɓa karɓa a hannun kowa ba. Rannan da safe ya tashi ya tarar an goge shafinsa gaba ɗaya saboda ƙorafin haƙƙin mallaka. Da ya faɗa mana a guruf bai zagi kowa ba, cewa kawai ya yi, "to yanzu ƙannena a ina za su ga ƙarshen labarin?" Ni wannan tambayar ce na kawo muku.

Kar ku ɗauka na zo kare sata ne. Addininmu ma bai yarda mutum ya ci gumin wani ba da izininsa ba, kuma mun san mai zane yana da iyali, yana biyan haya. Mun ji yadda aka rufe Mangamura, shafin da ake karanta manga na sata, a 2018, mun ji kotu a Tokyo ta yanke wa mai shafin biyan diyyar yen biliyan 1.7 ga kamfanoni uku a 2024, kuma wanda ya tara dukiya da zanen mutane yana saka tallar caca a kai ba mu da hujjar tsaya masa. Kayanku ne, kuna da ikon karewa. Ƙorafinmu ɗaya ne, kun iya nemo mu idan za a goge, amma ba ku taɓa nemo mu ba idan za a sayar.

Na farko dai maganar taswirar lasisi. Kai mai son bin hanyar halal, ka ga sanarwa an ce wani sabon shiri zai fito, ka yi ta murna, ka danna, sai a rubuto maka cewa wannan bidiyon ba a kallonsa a ƙasarku. Wasu lasisin in ka karanta jerin ƙasashen sai ka ga Amurka, Kanada, Ingila, Ostareliya, in aka zo nahiyarmu sai a ce Afirka ta Kudu, shi ke nan an gama da mu. A yankin Asiya akwai tashoshin YouTube irin su Muse Asia da Ani-One masu saka anime kyauta da izininku, talla ce ke biyan kuɗin, mu kuwa a kulle suke. Kuma abin da ya fi ci mana rai, ƙungiyarku ta masu shirya anime, AJA, da kanta ta fitar da cewa a 2023 kasuwar anime ta haura yen tiriliyan 3.3, kuma fiye da rabin kuɗin daga wajen Japan ya shigo. Gwamnatinku a 2024 ta ce tana so kayan nishaɗin Japan da ake sayarwa a waje su kai yen tiriliyan 20 nan da 2033. Sony ya zuba sama da dala biliyan 1 ya sayi Crunchyroll, manhajar kallon anime, a 2021 don dai wannan kasuwar ta waje. Wato kun san arzikin yana waje kenan, to mu ma ai waje muke.

Gaskiya kuma sai na yaba inda aka yi daidai. Tun da kamfanin wallafa manga na Shueisha ya buɗe manhajar MANGA Plus a Janairun 2019, ana karanta sabon babi kyauta rana ɗaya da mutanen Tokyo, da yawa daga cikinmu sun daina zuwa shafukan sata don karanta waɗancan labaran, ba wanda ya yi musu wa'azi, kawai sun samu hanya mai tsafta ne suka bi. Da aka ƙara Faransanci ƴan uwanmu na Nijar da Kamaru ma sun samu sauƙi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cewa ba son sata ne a jininmu ba, rashin uwa ne ya sa ake uwar ɗaki.

Sai maganar biya, wadda ni ta fi ba ni wahala a karan kaina. Akwai lokacin da na ƙudurta a raina cewa na daina kallon na sata, zan riƙa biya duk wata. Na saka lambar katina a wata manhaja aka ƙi karɓa, na sake aka ƙi, na je banki na bi layi aka ce min ai an dakatar da biyan kuɗin ƙasashen waje da katin naira. Haka bankuna da yawa suka yi a Najeriya tun wajen ƙarshen 2022, sai a tsakiyar 2025 suka fara dawo da shi. A tsakanin nan kuma aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta zo ta wuce 1,500, alhali mafi ƙarancin albashi da aka saka wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, shi ma ba kowa ke samu ba. Ƙarshe sai da na tura wa wani kuɗi ya saya min katin biya da ake kira gift card da riba a kai, na biya kusan ninki don kawai in bi ƙa'ida. Wata uku na iya jurewa. Kuma ni ma'aikaci ne mai asusun banki fa, ina ga ɗan sakandare da kuɗinsa duka na tara ne, ko yarinyar da ba ta da kati sam sai dai ta ba mai POS kuɗi a hannu ya tura?

Kar wani ya faɗa muku mutanenmu ba sa biyan kuɗin labari. Ku tambayi marubutan littattafan Hausa na intanet, yawancinsu mata, yadda masu karatu ke tura ɗari uku ko ɗari biyar ta banki ko su turo katin waya don a saka su a guruf ɗin da ake sakin littafi shafi-shafi. Ku leƙa gidan kallon ƙwallo ranar Asabar ku ga yadda ake biya a bakin ƙofa. Ku je shagon masu turi ku ga yara a tsaye da memori a hannu ana tura musu fim a kan naira ɗari. Anime ɗinku ma yana cikin kwamfutar mai turin nan, ana saye ana biya kullum, kuɗin ne kawai ba ya isowa gare ku saboda ba ku ajiye asusun da zai faɗa ba. Mu da kaɗan-kaɗan muke saye, na yau daban na gobe daban, kamar yadda ake sayen sukari ƙulli-ƙulli, StarTimes sun gane haka shi ya sa suke da biyan kwana ɗaya da na mako.

Data kuma ba sai na ja ba. An ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Manhajojinku an gina su ne don mai intanet a gida wanda ba ya ƙarewa, kashi ɗaya sai ya lashe datar da mutum zai yi kwana biyu da ita, kuma damar saukewa a ajiye galibi sai a tsari mai tsada. Mu kuwa datar dare muke saye, a saita ƙararrawa ƙarfe ɗaya a tashi a sauke, da safe a tura wa abokai ta Xender. Ɓarayin nan da kuke kora sun san wannan, suna matse kashi ɗaya ya dawo ɗan mitsitsi. Sun fi ku sanin aljihunmu, kuma wannan bai kamata ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi komai a wurina, harshe. Ina da ƙanwa ƴar shekara goma sha ɗaya, tana zuwa boko da safe islamiyya da yamma, tana da ƙoƙari sosai, amma Turancinta bai kai ta bi rubutun da ke gudu a ƙasan allo ba, kafin ta haɗa baƙi ya wuce. Sai mu zauna a tsakar gida in jingina waya da bokiti, ina kallo ina fassara mata da baki. Wata rana muna kallon wani labari na yaro maraya da mutanen gari ke ƙyama, Umma tana tsintar shinkafa a gefe kamar ba ta ji, can sai ta ce, "wai shi yaron nan ba shi da dangin uwa ne da za su ɗauke shi?" Kafin a gama kashin ta ajiye farantin ta matso. Matar da kullum take ce mana mun girma muna kallon katun. Tun daga ranar in na dawo aiki sai ta ce min, "ina aka kwana da maganar yaron nan?" Labarinku ya shiga zuciyarta, amma sai da ya bi ta bakina, ranar da ba na gida babu kallo. Irin su Umma da ƙanwata su ne mafi yawa, masu jin Turancin da zai bi sabtaitil su ne ƴan tsiraru, kuma Hausa harshe ne da sama da mutum miliyan 50 suka sha a nono, ban da waɗanda suka koya a kasuwa daga Agadas har Accra. Jamhuriyar Nijar ma a 2025 ta ayyana shi a matsayin harshen ƙasa.

Abin da ban sani ba ko kun sani, harshenku ya fi zama daram a Hausa a kan Turanci. Wannan abokin namu mai gyaran waya shi ya fara nuna mana. In yaro ya shigo gida ya ce tadaima, uwarsa ta ce okaeri, mai fassarar Turanci sai ya yi ta lalube, mu kuwa "na dawo" da "sannu da dawowa" ne, haka muke faɗa kullum ta Allah. In abokan aiki za su rabu suka ce otsukaresama, ai "sannu da aiki" ne, ba ƙari ba ragi, Bature ba shi da wannan gaisuwar kwata-kwata. Sensei malam ne, kuma kamar yadda ku kuke kiran likita ko marubuci sensei don girmamawa, mu ma malam ɗinmu ya wuce aji. Ƙanwa ba ta kiran wanta da sunansa a wurinku, sai ta ce nii-san, a fassarar Turanci sai a cire a saka sunansa gatsau, duk ladabin ya zube, mu kuwa Yaya muke cewa, kuma duk Bahaushen da ya ji yarinya ta ce "Yaya" cikin kuka ya san nauyin abin. Yadda mutanenku suke ƙin karɓar abu karon farko don kara, yadda ake sunkuyar da kai gaban babba, yadda saurayi zai shekara bai iya furta wa yarinya yana sonta ba, mu duk mun san wannan, sunansa kunya, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kai hatta littafin manga da ake buɗewa daga dama, wanda Turawa sai an buga musu gargaɗi a shafin ƙarshe cewa sun fara ta baya, yaron da ya yi makarantar allo ya san ajami hannunsa da kansa zai buɗe daidai. Amma yanzu duk abin da ya iso mana sai ya bi ta Turanci tukuna, a can a tace duk wannan daɗin a zubar, mu a miƙo mana tsaki.

Akwai kuma wuraren da fassarar ke da hatsari, kuma nan ne ake buƙatar ɗan gida mai hankali. Kalmar kami in aka juya ta Turanci sannan wani ya juyo ta Hausa kai tsaye ya rubuta sunan Allah, to an ɗebo ruwan dafa kai, don a labaranku sau da yawa ana nufin wani abin bauta na dutse ko kogi, ko wani halitta mai ƙarfi da za a iya kashewa a kashi na gaba. Mun taɓa kwana biyu muna muhawara a guruf kan wannan, wasu suka ce a ce abin bauta, wasu suka ce iska, wasu suka ce a bar kalmar yadda take. Haka itadakimasu da ake faɗa kafin cin abinci, wani ya ce a saka bismillah, malamar firamaren nan ta ce a'a, kar a saka wa mutum kalmar addinin da ba nasa ba a baki, a ce "bari mu ci, mun gode" ya wadatar. Yokai kuma wani wuri dodo ne, wani wuri fatalwa, wani wuri aljani, sai ka kalli labarin ka zaɓa. Na kawo wannan ne saboda muna jin ana ta maganar ba wa na'ura aikin fassara don a rage kashe kuɗi, har a watan Yulin 2025 masu kallo suka ga sunan ChatGPT ya fito ɓaro-ɓaro a cikin sabtaitil ɗin Jamusanci na wani sabon shiri. In an yi haka da Jamusanci, ina ga Hausa da ba wanda zai duba a ofishinku? Kuskure ɗaya a irin waɗannan kalmomin ya isa a hau mumbari a kan anime gaba ɗaya, kuma mu ne za mu sha, ba ku ba.

Kuma ba sabon abu muke roƙo ba, kun yi wa wasu. Da yawanmu ta tashar Spacetoon da aka buɗe a 2000 muka fara ganin anime, a gidajen da ke da dish mai kamo tashoshin Larabawa, an ɗora murya da Larabci mai kyau, an gyara abin da bai dace da yara ba. Captain Tsubasa, labarin yaro ɗan ƙwallo, ya koma Kaftin Majid, ya shiga ran yaran Larabawa har ta kai lokacin da sojojin Japan suke Samawa a Iraƙi daga 2004 zuwa 2006, motocin ruwan da gwamnatinku ta bayar hotonsa aka manna musu. Kun ga kenan gwamnatinku ta san abin da fassara ke saya wa ƙasa na ƙauna. Crunchyroll ya fara ɗora muryar Hindi a 2022, daga baya aka ƙara Tamil da Telugu. Rediyon ƙasarku na NHK yana da sashen Swahili. Hausa kuwa, BBC tana magana da mu tun 1957, Jamus da Sin tun 1963, Sinawa har wasannin kwaikwayonsu suke juyawa Hausa, Arewa24 tana ɗora murya a kan shirye-shiryen Indiya. A Kano akwai situdiyo-situdiyo da sana'arsu kenan, fassarar fina-finan Indiya, yaro ɗaya sai ya yi muryar mutum uku ba ka gane ba. Masu murya suna nan, masu haɗa sauti suna nan, masu kallo sun riga sun saba. Lasisi ne kawai babu.

Abu na ƙarshe cikin ƙorafin, kuma iyayen cikinmu sun ce lallai kar in manta. A nan duk abin da aka zana katun ne, katun kuma na yara ne. Ku kun san ba haka ba ne, kun raba na yara ƙanana daban, shonen da shojo na matasa, seinen da josei na manya, wasu ma sai tsakar dare ake saka su a talbijin ɗinku. Amma in abu ya biyo ta hannun mai turi duk wannan bayanin ya faɗi a hanya. Wani maƙwabcinmu ya ba ɗansa ɗan shekara tara kuɗi ya je a tura masa katun, mai shagon shi ma bai kalla ba ya zuba masa abin da ya samu, ashe akwai na manya a ciki mai tsiraici. Uban ya leƙa ya gani, ya fasa memorin da dutse, ya je ya yi wa mai shagon tas, yanzu duk layinmu an hana yara kallon "katun ɗin Japan", har da masu kyaun da ke koya juriya da riƙon amana. Ban ga laifin uban ba ko kaɗan. Shafukan satar ma da yaran ke shiga, kafin bidiyo ya buɗe tallar caca da ta batsa sun fito sau biyar. Rashin hanyar halal ba ku kaɗai yake cuta ba, yana shigo mana da ƙazanta cikin gida.

To ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe. In za ku rubuta lasisi, ku riƙa saka Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da sunansu, in wanda kuka ba yankin ba ya amfani da shi ku karɓe ku ba wani. Ku buɗe mana tashar YouTube ta halal irin wadda kuka yarda aka yi wa Asiya, ko da tsofaffin shirye-shirye ne ku fara da su, talla ta biya.

Ku kawo biyan kwana ɗaya da na mako da kuɗinmu, naira da sefa da sidi, a iya biya da katin waya ko tiransifa ko ta wurin mai POS, a Nijar da Ghana kuma ta asusun waya da mutane suka saba da shi. Ku saka zaɓin bidiyo mara nauyi, kuma saukewa a ajiye ta kasance a tsari mafi araha, don mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi buƙatarta.

Babban roƙon kuma shi ne Hausa. Ba mu ce ku juya komai ba, ku gwada da shiri ɗaya tak na iyali, kashi 12 ko 13 na zango ɗaya, ku ba wani situdiyo a Kano ko Kaduna ko Yamai lasisi ya ɗora murya, ku turo wanda zai duba inganci, a bi ta hukumomin tace fina-finai yadda doka ta ce, sannan ku ƙirga masu kallo da idonku. A manga ma ku ƙara Hausa a manhajarku ko da labari biyu ne. Fassarar kuma mutum ya yi ta, a biya shi, a rubuta sunansa a ƙarshe, in da hali ku ɗauki nauyin wasu matasanmu su koyi Japananci don a daina bi ta Turanci. Kowane shiri a rubuta shekarun da ya dace da su da Hausa a farkon bidiyon, a cikin hoton kansa, yadda ko an tura shi waya goma gargaɗin yana nan.

Sannan masu fassarar sa kai irin abokinmu, kafin a goge musu shafi a riƙa bambanta su da masu cin kasuwa da kayanku. Ku aiko musu da saƙo, ku ce ga hanya, ku gwada su. Ai Crunchyroll ɗin ma da aka kafa a 2006 da bidiyon da masu kallo ke ɗorawa ba izini ya fara, sai a 2009 ya koma na halal zalla, kuka zauna da shi aka yi ciniki.

Abokin namu bai goge komai ba, fayilolin fassararsa duk suna nan a wani memori da ya naɗe a takarda ya saka a aljihun jakar kayan aikinsa, kashi sittin da wani abu. Na tambaye shi ko in faɗa muku haka, ya ce in faɗa, kuma in kun turo wakili ya zo Kano zai ba shi su kyauta ya duba, shi dai burinsa a ce wata rana ƙannensa sun kalli ƙarshen labarin da Hausa ba tare da yana jin ya ɗauki kayan wani ba.

Muna jiran amsarku, ko da wane harshe ce za mu nemo mai fassara.

Naku cikin girmamawa,
wani mai kallon anime daga Kano, a madadin ƴan guruf ɗinmu.